Idi, Malamin da Ke Duban Hanya

Da kakar bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne ƙanena Idrisu, wanda kowa ke kira Idi, a maƙabartarmu ta Kangire. Mutane kan tambaye ni ko har yanzu ina jin zafin rashinsa. Gaskiyar magana, ba zafi nake ji ba. Abin ya fi kama da ƙafar da mutum ya daɗe zaune a kanta. Tana nan, kana ganinta, amma in ka taɓa ba ka jin komai. Ina tashi da safe in ɗaura wa shanu amalanke, in yi lodin yashi ko buhuna, in dawo. Da la'asar in tafi ajin yaƙi da jahilci, inda na koyi wannan rubutu da girmana. Idi bai taɓa ganin rubutuna ba. Lokacin da yake raye, dangwale nake yi da babban yatsa.

Idi kurma ne, amma ba haka aka haife shi ba. Sanƙarau ne ya kama shi yana firamare. Ya tashi da ransa, kunnen ya tafi. Magana ba ta bar bakinsa ba, sai dai muryar ta rasa ma'auni. Zai yi maka raɗa a tsakiyar kasuwa, ya ɗaga murya a cikin masallaci. Wani kawunmu direba mai zirga-zirgar Kano shi ya kai shi makarantar kurame a can. Ya koyi maganar hannu irin ta makaranta, ya haɗa da tamu ta gida wadda muka ƙirƙira ni da shi a gona. Ya dawo da buri guda ɗaya, kuma bai sake shi ba har ya koma ga Ubangijinsa. Yana so ya zama malamin kurame, cikakken malami mai takarda, wanda hukuma ta san da shi, da aji nasa a ƙasarmu.

Yana gab da gama sakandare aka yanke Jigawa daga Kano. Kowa ya yi murna, amma ban ga wanda ya kai Idi ba. Ya riƙe kafaɗata yana cewa, "Yaya Sule, sabuwar jiha komai sabo za ta nema. Dole su nemi irina."

Shi ya lissafa mini sharuɗɗan shiga kwalejin horar da malaman masu buƙata ta musamman, yana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Kiredit biyar, kuma dole a ciki da Turanci da lissafi. Takardar shaidar ƙaramar hukuma sabuwa, domin tsohuwar tana cewa shi ɗan jihar Kano ne. Takardar likita. Jarrabawar shiga. In ya samu gurbi, karatun shekara uku, da koyarwar gwaji a shekarar ƙarshe, sannan takardar gamawa. Yatsun hannu ɗaya suka ƙare ya shiga na biyu. Ni dai na gyaɗa kai. Ban san mene ne kiredit ba, na dai fahimci abu ne da ake ci ko a faɗi.

Takardun ba su ba mu wahala ba. Likita ya duba shi ya rubuta cewa lafiyarsa ƙalau, sai dai ba ya ji. Idi ya karanta ya yi dariya ya ce, "Ai likita, abin da ya kawo ni ke nan."

Turanci ne ya riƙe shi. Harshe ne da kusan bai taɓa jin ana furta shi ba, a takarda kawai ya san shi. Ya zauna jarrabawar ya faɗi. Ya sake zama ya sake faɗuwa. Duk ranar da sakamako ya fito zai dawo gida ya ci tuwonsa, ya wanke hannu, ya ce, "Sai baɗi." Wata shekara haƙurina ya gaza, na tsaya gabansa yadda zai ga bakina na ce, "Wai kuramen ƙauye Turanci za ka yi musu?"

Ya ce, "Yaya, za ka bar wanda ba a gwada ba ya yi wa sanka allura?"

Na ce a'a.

"To ɗan mutum ya fi sa."

Ban taɓa jin ya zagi sharuɗɗan nan ba, ko sau ɗaya. Yakan ce kurame sun gaji da a turo musu duk malamin da aka rasa inda za a kai. In za a tace, a tace kowa, har da shi. Ina faɗin wannan ne domin kada mai karatu ya ɗauka ƙara na kawo. Da Idi na nan da shi zai fara hana ni.

Daga ƙarshe ya ci Turancin, ya samu gurbi a wata kwaleji a wata jiha. Ya tafi da akwatin ƙarfe da ƙullin garin rogo. Shekara biyu na farko suka wuce lafiya. A ta uku aka zo kan koyarwar gwaji, kuma a nan ne abin da nake so in ba da labari ya faru.

Dokar ita ce, ɗalibi zai yi zango guda yana koyarwa a makarantar da hukuma ta sani, kuma dole ɗalibansa su zama irin waɗanda ya karanta yadda ake koya musu. A cikin zangon wani malami zai taso daga kwaleji, ba tare da ya faɗi rana ba, ya zauna a bayan aji ya ga yadda yake koyarwa. In mai duba bai gan ka a gaban ɗalibai ba, ba ka gama ba, sai wata shekara. Abokan karatunsa suka zaɓi makarantun kurame na manyan birane, inda ɗalibai ke nan a zaune. Idi ya roƙa a tura shi wata firamare a ƙauyen kakanninmu na wajen uwa, a ƙasar Gwaram. Lissafinsa shi ne, in mai duba ya zo ya ga ajin kurame a ƙauye da idonsa ya rubuta, to ajin ya samu gindin zama. Hedimasta ya yarda, ya ba shi wani ɗaki da ake ajiye karyayyun benci. Ɗaki ya samu, malami ya samu. Ɗalibai ne babu.

Ni da shi muka shiga nema a kan amalankena, ƙauye bayan ƙauye. Ban san akwai kurame da yawa haka a ƙasarmu ba sai da na fara tambaya. Wani gidan a ce babu, alhali kana ganin yarinyar a bakin murhu ba ta waiwayo ga sallamarka ba. Wani dattijo ya ce mini, "Sule, yaron da ba ya jin kiran uwarsa, me zai ji a makaranta?" Idi ya karanci bakinsa ya ce, "Baba, ni ma ba na ji." Sai dattijon ya ce a zo a ɗauki yaron gobe.

Mun samu yara bakwai. Lokacin kaka ne, kowane hannu yana da aiki, don haka kowane gida da sharaɗinsa. Wadda ta fara faɗin nata a fili ita ce Inna Kande, wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli da ke riƙon jikarta Ladidi.

"Ku ɗauke ta kullum, ban hana ba. Amma ranar kasuwa tawa ce. Wa zai ɗaukar mini ƙwarya, kai ko shanunka?"

Sauran iyayen ma haka suka ce. Ranar kasuwa yara na iyayensu ne. Idi ya damu, ya je ya sami hedimasta. Hedimasta ya yi dariya har tumbinsa na rawa ya ce, "Malam Idi, kwantar da hankalinka. Babban malami daga kwaleji zai shigo cikin hayaniyar kasuwa? Ai da motar ofis zai zo, fara, da tambari a ƙofa. Tun daga nesa za ka hango ta." Duk muka yarda da wannan magana. Ni ma na yarda.

Kullum da sassafe nakan zagaya in kwaso yaran a amalanke in sauke su, sannan in wuce aikina. Wani lokaci in tsaya a bakin taga in kalla. Aji ne marar hayaniya, sai ƙarar alli da dariya. Idi ya kafa allonsa yadda tagar da ke kallon hanya za ta zama a gefensa na hagu. Malami mai ji zai iya ba taga baya, in mota ta zo kunnensa ya gaya masa. Shi ba shi da wannan. Saboda haka yana cikin koyarwa, jim kaɗan sai ya ɗora tafin hannu a goshi ya juya ya leƙa hanya, sannan ya dawo kan darasi. Bai ma san yana yi ba.

Kurame suna da wata al'ada da mai ji bai cika sani ba. Ba sa kiran mutum da sunan yanka. Sukan zuba maka ido na ɗan lokaci, su zaɓi wani abu a jikinka ko a halinka, shi ke nan ya zama sunanka a hannu, kuma ba a shawara da kai. Nawa sunan shi ne jan igiyar sa. Na hedimasta hannu biyu ne a zagaye a gaban ciki, kuma har ya bar makarantar bai sani ba. Na Idi kuwa, Ladidi ce ta fara shi: tafin hannu a goshi, a juya kai hagu. Da ya gane, ya yi ƙoƙarin canzawa. Ya nuna musu alamar malami irin ta makaranta, ya sa suka maimaita. Suka maimaita don ladabi. Yana juya baya suka koma ga nasu.

Zango ya yi nisa, farar mota ba ta zo ba. Ladidi ta iya rubuta sunanta a ƙasa da tsinke. Yaron dattijon nan ya iya ƙidaya awakin gidansu a allo. Idi ya rame.

Ranar da abin ya faru ina kasuwa da lodin gyaɗa. Idi yana makaranta, domin ko ranar kasuwa ba ya fashi, yakan zauna shi kaɗai a ɗakin yana zana hotunan darasi. Akori-kurar 'yan kasuwa ta tsaya a bakin gari, wani siririn dattijo ya sauko da jaka a hammata, rigarsa duk gashin awaki. Ya tako da ƙafa har makaranta. Idi ya gaya mini daga baya cewa ya gan shi ta taga, bai ko sake dubansa ba, domin mota yake jira.

Hedimasta da kansa ya zo ya same ni yana haki, ya ce mai duba ya iso, in nemo yaran. Na bar shanu da kaya a hannun maƙwabcin rumfa na shiga kasuwa da gudu. Ba a kiran kurma daga nesa, sai ka je ka taɓa shi. Haka na yi ta kutsawa tsakanin rumfuna ina duba fuskoki. Na iske Ladidi a gefen kakarta.

"Inna, mutumin ya zo."

"Sule, ba haka muka yi da kai ba."

"Na sani, Inna. Amma ya zo."

"To ya zo ya sayi ƙuli mana."

Sai ta ɗaga kai ta dubi fuskata. Ta tura yarinyar wajena.

Uku na samu. Sauran sun bi iyayensu kasuwar dabbobi ko sun riga sun kama hanyar gida. Kafin mu isa an buga ƙarfen tashi, makaranta ta watse. Na iske baƙon a zaune kan benci, shi da Idi suna magana da hannu. Baƙon ya iya sosai. Ya dube ni ya ce, "Kai ne wan nasa?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Sannu da gudu. Kwalejinmu ba ta da mota, Malam. Na tambaya a tashar Birnin Kudu, aka ce in ba ranar kasuwa ba, babu abin da ke shigowa nan."

Gaskiya aka gaya masa. Kuma mu mun fi kowa sanin haka. A ƙasar aka haife mu. Duk wanda ya taɓa zuwa ƙauyen nan daga nesa, mai awo ne ko mai allurar shanu, ranar kasuwa ya zo. Mun zauna zango guda muna jiran wata irin mota da ba mu taɓa ganin ta shigo garin ba.

Ya ce Idi ya koya wa ukun nan wani abu ya gani. Idi ya koya musu. Dattijon ya kalla, har ya yi murmushi da Ladidi ta gyara wa ɗan'uwanta kuskure. Da aka gama ya ce aikin ya yi kyau, amma ba zai iya rubuta cewa ya ga aji a lokacin makaranta ba, domin bai gani ba. Na roƙe shi ya kwana, na ce zan yanka masa kaza, gobe da safe zai ga bakwai ɗin cif. Ya ce akwai wasu ɗaliban da ke jiransa a garuruwa masu nisa, su ma zangonsu na ƙarewa, kuma in motar nan ta tafi ba wata sai mako ya zagayo. Muna cikin haka direba ya fara danna ham daga bakin kasuwa.

Idi ya ɗauki jakar baƙon ya raka shi har mota. Ya dawo ya goge allo tas, ya jera bencina. Ya ce, "Sai baɗi."

Baɗin ta zo, ya sake zangon. Wasu iyayen suka ce sun ba da aron yaransu sau ɗaya, ya isa. Huɗu suka dawo. A wannan karon Inna Kande da kanta take kawo Ladidi ranar kasuwa, ta zauna a ƙofar aji da ƙwaryarta tana sayar wa malamai ƙuli. Wani mai duba ya zo, shi ma a motar kasuwa, ya ga aji, ya rubuta. Idi ya karɓi takardar gamawa.

Na ɗauka an zo ƙarshe. Sai aka fito da batun rajistar malamai da lasisi, aka ce takardar kwaleji kaɗai ba ta isa mutum ya tsaya gaban aji ba. Idi ya ce daidai ne. Ya ɗauki hoto, ya yi tafiya, ya cika abin da aka ce ya cika, ya samu. Daga nan sai jiran ɗaukar aiki. Aka ce ya saurara. Ya ci gaba da koyarwa a ɗakin karyayyun bencin nan ba albashi, da damina ya yi noma. Ya sa kawunmu ya kai Ladidi makarantar da shi ya yi a Kano. Har lokacin bai daina ɗora hannu a goshi yana leƙen hanya ba, sai dai ban ƙara tambayarsa wa yake jira ba.

Ciwon ciki ne ya kwantar da shi, bai daɗe ba. Da muka dawo daga maƙabarta na iske ɗalibansa a tsaye a gefe ɗaya na ƙofar gida, ba wanda ya yi musu bayani. Ladidi ta fito daga cikin mata, ta dube ni, ta ɗora hannu a goshi ta juya kai hagu, tana tambaya. Na kife tafin hannuna ƙasa. Ta gane. Ban yi kuka ba. Na tuna shanu ba su sha ruwa ba tun safe, na tafi na ba su. Bayan mako biyu aka mayar da karyayyun benci ɗakin.

Yanzu abubuwa sun canza. Babura sun cika ko'ina, kowace rana ce mutum zai iya shiga ƙauyen nan ya fita. Da yau ne, mai duba zai zo ranar da ya ga dama, ko ya bugo wa hedimasta waya daga tasha. Nakan ga kurame matasa a Birnin Kudu suna riƙe da waya suna magana da hannu da wani da ke Kano, suna ganin juna. Idi zai so wannan ƙwarai. Ina jin da ba zai bar ni in huta ba sai na saya.

Sharuɗɗan kuwa suna nan, har sun ƙaru. Yanzu jarrabawar shiga a kwamfuta ake yi, sai an je birni, ana kuma neman lambar katin ɗan ƙasa. Nakan tambayi kaina me Idi zai ce. Na san amsar. Zai lanƙwasa yatsunsa ya ƙidaya, ya ce daidai ne, a tace kowa. Wataƙila abu ɗaya zai ƙara, cewa wanda ya kafa sharaɗi ya riƙa tambayar yadda ake isa garin da za a cika shi. Ko kuma wannan maganata ce nake sa masa a baki. Ban ga laifin dattijon nan ba, abin da ya gani ya rubuta. Ban ga na Inna Kande ba, Allah ya jiƙanta, ita ma ta rasu. Na daɗe ina neman inda zan ajiye abin, ban samu ba, sai na bar shi a inda yake.

Ladidi tana aure a Sundimina yanzu, da 'ya'yanta. Mijinta ya bar mata zaure, tana tara yara kurame da safe tana koya musu. Ta gama sakandare, kuma tana neman gurbi a irin kwalejin da Idi ya yi. Kwanakin baya na kai yashi garin na biya ta wajenta. Ta miƙo mini wayarta in ga sharuɗɗan da aka fassara mata. Na bi su da yatsa a hankali, tana dariyar jinkirina, domin ta riga ni iya karatu da shekaru masu yawa. Tana da kiredit huɗu. Turanci ne ya rage. Na tambaye ta da hannu, yanzu yaya? Ta wurga hannu gaba, alamar shekara mai zuwa.

Idi bai bar gida ba, bai bar ɗa ba, sunansa bai taɓa shiga cikin masu albashi ba. Takardar gamawarsa da lasisinsa suna cikin akwatin ƙarfen nan, yanzu ina iya karanta sunansa a jiki. Allah ya yi masa rahama, ya sa inda ya je ba a cewa sai baɗi.

Ina shirin tafiya daga wajen Ladidi ran nan sai wata 'yar ƙaramar yarinya ta shigo zauren a makare. Ba ta kai shekara shida ba, an binne Idi tun kafin a yi auren uwarta. Ta taɓa ɗan'uwanta tana tambayar ina malama. Ta ɗora tafin hannu a goshi, ta juya kai hagu. Na tambayi Ladidi, ta ce haka duk yaranta ke cewa malami, kowane malami, ita ma sunanta ke nan a wajensu. Ba su san daga ina abin ya fito ba, ita kuma ba ta taɓa gaya musu ba.

Yarinyar ta sake yi, don ba a ba ta amsa ba. Ban san lokacin da na juya na dubi hanya ba. Ba kowa a kanta, sai shanuna a tsaye suna jirana.